Maruƙan Baffa Sajo da Takardar Kwamfuta

A garin Kafanchan, wajajen shekarar 1996, an yi wani saurayi mai suna Mahfuz. Ƙwaƙwalwa dai Allah ya ba shi, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Sai dai yana da hali guda da ya zame masa ciwo: bakinsa bai iya furta "na yi kuskure" ba. In ya faɗi magana, to ta zauna ke nan, ko da kowa yana ganin ta karkace. Da ya sunkuyar da kai ya karɓi gyara, gara masa ya kwana da yunwa.

Mahfuz maraya ne. Yana ɗan shekara huɗu mahaifinsa ya rasu, sai wan mahaifin, Baffa Sajo, ya ɗauke shi ya riƙe a rugarsa da ke bayan Madakiya. Baffa Sajo bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba, amma shi ya kama hannun yaron ya kai shi firamare, ya kuma hana kowa tura shi kiwo ranar makaranta. Da Mahfuz ya gama sakandare ya ce yana son zuwa Kaduna koyon kwamfuta, mutanen ruga suka yi ta dariya, don ba wanda ya san ko ci ake yi ko sha. Baffa Sajo ma bai sani ba. Amma ya kwance farin bijiminsa, wanda ya fi so a duk garken, ya kai kara ya sayar.

"Je ka koyo, ɗana," in ji shi. "In ka dawo ka gaya mini ko mece ce."

Ya kuwa koyo. Da dawowarsa ya sami aiki a wata ƙungiya ta taimakon makiyaya, mai ofis ɗaki biyu kusa da tashar jirgin ƙasa. An ba ƙungiyar kyautar wata tsohuwar kwamfuta, kuma duk ofishin ba mai iya ta sai shi. Kullum da yamma sai ya lulluɓe ta da sabon zani kamar amarya, wanda ya kuskura ya ɗora ko yatsa a kanta kuwa ya sha harara. Shugabar ofishin ita ce Madam Scholastica, tsohuwar malamar makaranta, mace mai son ƙa'ida. Mai yi wa shanu allura kuma shi ne Sylvester, ɗan wani direban jirgin ƙasa, haifaffen kwatas ɗin reluwe, wanda ya shekara ashirin da biyu yana zagaya rugage a kan babur. Fulani ba su kiransa da komai sai Likita.

Babban aikin ƙungiyar da damina shi ne allurar sammore, cutar nan da ƙudan tsando ke sa wa shanu. Maganin ba a yin sa da ka, gwargwadon nauyin dabba ake ba ta. Sylvester yakan je ruga da tef ɗin awo, ya zagaya shi a ƙirjin kowace dabba, tef ya nuna nauyinta, ya rubuta ya kawo ofis. Da can shi da Madam ke zama da biro, ɗaya ya lissafa, ɗaya ya sake dubawa. Mahfuz ya ce wannan wahalar banza ce. Ya tsara jadawali mai layi uku a kwamfuta: na farko lambar dabba, na biyu nauyinta, na uku yawan maganin da za a yi mata. Layi na ukun ba a rubuta shi da hannu. Ƙa'idar lissafi ya dasa a ciki, da zarar an canza nauyi sai yawan magani ya canza da kansa. Don burgewa ma, ya sa duk takardar da firinta ta fitar ta fito da rana da lokaci a samanta. Daga nan aka ajiye biro, aka daina sake dubawa.

Amma kwamfutar tsohuwa ce, ga nawa. Duk lambar da aka buga sai ta tsaya ta sake lissafa shafin gaba ɗaya, mutum na zaune yana hamma. A Kaduna Mahfuz ya koyo wata dabara: ana iya ce mata ta dakata da lissafi, ka yi ta buga lambobinka da sauri, in ka gama ka danna wani maɓalli guda a jerin sama, sai ta lissafa duka a lokaci ɗaya. Muddin ba a danna ba, tsofaffin lambobi ne za su ci gaba da zama a layi na uku, sai dai wata 'yar kalma ƙarama da kan fito a kusurwar ƙasa tana tuni. Wannan dabara bai taɓa gaya wa kowa ba. A ganinsa, ranar da wani ya san sirrin, ranar girmansa zai ragu.

Wata Laraba a farkon damina aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta da ɗan guntun mai. Mahfuz yana da sunayen makiyaya masu yawa da zai shigar, sai ya dakatar da lissafin don ya yi sauri kafin mai ya ƙare. Ya gama, ya lulluɓe amaryarsa, ya tafi gida. Bai mayar da ita yadda take ba.

Washegari Alhamis da safe aka zo kan garken Baffa Sajo. Shekara uku kafin nan cuta ta cinye masa rabin shanu, ya yi ta haƙuri yana lallaɓa ragowar, har Allah ya ba shi maruƙa goma sha tara, wasu na bara, wasu na bana. Su ne duk abin da yake kallo ya ji sanyi a ransa. Manyan shanun an riga an yi musu allura, maruƙan suka rage, kuma an kawo sabon magani, wani ja mai ƙarfi da ba a saba da shi ba. Mahfuz ya buɗe jadawalin da ya yi wa wani mai kiwo a Samaru Kataf, Alhaji Mahadi, wanda bijimansa manya-manya ne na turke. Ya goge nauyin bijiman, ya zuba na maruƙan baffansa, ya yanke ragowar layukan. Idonsa yana kan yatsunsa, bai ko kalli layi na uku ba, balle kusurwar ƙasa. Ya buga takarda ya miƙa wa Sylvester.

Sylvester ya gyara tabarau, ya duba, ya sake dubawa.

"Mahfuz, duba wannan takarda da kyau," ya ce. "Dos ɗin maganin ya yi yawa. Ƙanana ne fa, wasu ko yaye ba a yi musu ba."

"Oga Sylvester, ai sabon magani ne. Ba irin wanda ka saba ba ne."

"Na yarda sabo ne. Amma shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, ban taɓa cika sirinji haka don ɗan maraƙi ba. Ka sake duba, minti biyu kawai zai ɗauke ka."

Akwai makiyaya biyu zaune a benci suna jira. Da ba su nan, wataƙila da Mahfuz ya waiga ya duba. Amma a gaban mutane tsoho zai gyara masa aiki? Sai ya jingina da kujera ya yi murmushi.

"Kwamfuta ba ta tsufa, Oga, ba ta mantuwa, ba ta kuma sa tabarau."

Makiyayan suka ƙyalƙyale da dariya. Madam Scholastica ta leƙo daga ɗakinta. A watan da ya wuce Sylvester ya taɓa rage wa wata saniya magani da ganin idonsa, ba ta warke ba, har aka ba shi takardar gargaɗi.

"Sylvester, mun riga mun gama wannan magana," ta ce. "Abin da takarda ya ce, shi za ka bi."

Sylvester ya ninke takardar ya sa a aljihu. Yana da wani garke da zai auna a wajen Madakiya da yamma, don haka can zai kwana, da safe ya yi wa maruƙan allura kafin shanu su fita kiwo. Ya buga baburinsa ya tafi.

Bayan la'asar Mahfuz ya dawo daga masallaci, ya zauna zai kashe kwamfuta. A nan idonsa ya faɗa kan 'yar kalmar nan a kusurwa. Ya miƙa yatsa ya danna maɓallin. Kwamfutar ta yi ɗan gurnaninta, sai layi na uku ya birkice daga sama har ƙasa. Kowace lamba ta sauko, wata ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, wata cikin biyar. Ashe maganin bijiman Alhaji Mahadi ya rubuta wa maruƙan baffansa. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Gaskiya ita ce, da farko niyyarsa mai kyau ce. Ya buga sabuwar takarda da hanzari, ya fita, har ya hau baburinsa ya sa makulli. Daga Kafanchan zuwa Madakiya ko rabin awa ba a yi, rana kuma da sauranta. Amma yana zaune a kan babur sai ya fara hango abin da zai tarar. Ya hango Sylvester yana cire tabarau yana gogewa a hankali, ba tare da ya ce komai ba. Ya hango Madam ta dawo da biro. Ya hango makiyayan nan biyu suna ba da labari a kasuwa. Abin da ya fi ci masa rai, ya hango Baffa Sajo, wanda ke gaya wa duk baƙon da ya zo ruga cewa ɗansa ke juya na'urar Turawa, yana jin cewa na'urar ta juya shi.

Sai zuciya ta shiga kawo masa dalilai, ita kuwa ba ta rasawa. Ai shanun Baffa masu ƙarfi ne. Ai magani ya yi yawa ya fi ya yi kaɗan. Ai Sylvester mai taurin kai ne, ko an hana shi sai ya rage da kansa. Ya zare makulli, ya koma ofis, ya sa sabuwar takardar a cikin fayil ɗin Baffa Sajo, ya lulluɓe kwamfuta.

Da asubahin Juma'a ya farka da abin a ransa. Har a lokacin, da ya tashi da ya isa kafin a kama maraƙin farko. Ya yi salla, ya zauna a bakin gado yana kallon makullin babur a kan tebur, har rana ta fito, har hantsi ya yi. Sannan ya yi wanka ya sa fararen kaya, ya ce abin da Allah ya rubuta ba makawa.

Ranar Asabar da safe Sylvester ya buga masa ƙofa, wandonsa duk laka, idanunsa jajur.

"Takwas sun mutu," ya ce. "Saura suna kwance. Tun jiya da azahar suka fara rawan jiki, miyau yana zuba. Na koma da sauri, na yi duk abin da na sani, bai yi ba." Ya share fuska da hannu. "Kafin na fara, na gaya ma baffanka. Na ce Malam Sajo, zuciyana bai kwanta da wannan dos ba. Ka san abin da ya ce mini? Ya ce, Likita, yi abin da yaro ya rubuta, na sayar da bijimi don ya san wannan abu."

Maganar ta soki Mahfuz har ƙashi. Nan ne ya kamata ya durƙusa. Amma da ya buɗe baki, ga abin da ya fito:

"Ka tabbata abin da ke takarda ka bi?"

Sylvester ya kalle shi, ya juya ya tafi.

Da yamma Mahfuz ya je ruga. Tun daga nesa ya jiyo kukan shanu, iyaye na kiran 'ya'yan da ba za su amsa ba. An yi ta sa wuƙa don kada su zama mushe, amma naman ma bai ciwu ba saboda maganin, sai rami aka haƙa a bayan ruga. Inna Mairama, matar Baffa Sajo, tana zaune da ƙwarya wayam a gabanta tana hawaye, don saniya ba ta sakin nono in ba ta ga ɗanta ba. Baffa Sajo yana tsaye da sandarsa a kafaɗa, fuskarsa ba ta nuna komai, irin ta Fulanin da. Da ya ga Mahfuz, shi ne ma ya fara ba shi haƙuri.

"Kada ka sa wa ranka damuwa, ɗana. Na san ka yi naka."

"Baffa, lissafina daidai yake," in ji Mahfuz, kansa a ƙasa. "Yana nan a fayil. Likita ne dai, ka san girma ya fara kama shi. Ido ya yi rauni, hannu yakan zarce."

Baffa Sajo ya yi shekara ashirin yana shan fura da Sylvester a inuwa ɗaya. Amma tsakanin aboki da ɗa, ɗan ya zaɓa. Ranar Lahadi, bayan an taso daga coci, Sylvester ya zo neman takardar da ya bari a ruga, Baffa Sajo ya ƙi fitowa, ya aika a ce masa ya koma. Kafin Litinin maruƙa goma sha huɗu sun tafi, biyar suka rage.

Mahfuz ya san takardar farko tana iya tona shi, amma bai damu sosai ba. Takarda a ruga ai kwana ɗaya take yi, ko a hura wuta da ita, ko akuya ta cinye. A ransa ma haushin kwamfutar yake ji, wai ta ci amanarsa. Ka ji fa, wanda ya ɗaure ta da hannunsa shi ke zargin ta da rashin motsi.

Ranar Talata Madam Scholastica ta kira su ɗakinta. Ta buɗe fayil ta shimfiɗa takardar a tebur. Ta ɗauki biro ta lissafa layi uku da kanta, duk suka fito daidai.

"Sylvester, wannan lissafi ba shi da matsala. Me ka yi?"

"Madam, ba wannan takarda aka ba ni ba. Allah yana gani."

"To ina wanda aka ba ka?"

"Malam Sajo ya roƙe ni na bar masa. Na koma karɓa, ya ƙi ganina."

"Takarda ɗaya na buga, Madam," in ji Mahfuz. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

Madam ta numfasa. Ta jawo wata farar takarda, kowa a ɗakin ya san ta sallama ce za ta rubuta. Sylvester ya cire tabarau ya riƙe a hannu, bai roƙi kowa ba. Ana cikin haka aka yi sallama a bakin ƙofa. Baffa Sajo ne, da sandarsa da malafarsa, ya rungumo wani tsohon gwangwani mai murfi.

"Madam, a gafarce ni," ya ce bayan gaisuwa. "Na ji a kasuwa wai ana cewa yarona ne ya yi kuskure. Shanu sun tafi, na bar wa Allah. Amma ba zan zauna a ɓata masa suna ba. Ni ban iya karatu ba, ku kun iya. Ga takardarsa nan da ya rubuta, ku duba, ku wanke shi."

Ya buɗe gwangwanin. Cike yake da takardu, an jera su da kyau, an sa ganyen darbejiya don kada gara ta ci. Mahfuz ya hango katin jarrabawarsa na aji ɗaya a firamare, da wasiƙar da ya taɓa aikowa daga Kaduna, da wani shafi da ya koyi rubuta sunansa a kai. Bai taɓa sanin ana ajiye su ba. A can sama kuma ga takardar ranar Alhamis, ko lanƙwasa ɗaya ba a ƙara mata ba. Baffa Sajo ya ɗauko ta da hannu biyu ya miƙa wa Madam.

Madam ta ajiye ta kusa da ta cikin fayil. Ta dubi wannan, ta dubi waccan. Ta tashi ta ɗauko fayil ɗin Alhaji Mahadi, ta jera su uku, ta bi layi na uku da kan biro daga sama har ƙasa.

"Mahfuz, maganin bijimai ne wannan. Lamba da lamba."

Sai Mahfuz ya kama igiyar da ta rage masa.

"Madam, na'urar ce. Wani lokaci takan ƙi lissafi, tsohuwa ce. Ban lura ba sai bayan abin ya faru, shi ya sa na gyara fayil."

Baffa Sajo ya gyaɗa kai da sauri, kamar wanda aka miƙo wa ruwa.

"To, ai tsautsayi ne ke nan, Madam. Ƙarfe ne, ba shi da hankali. Yaro bai sani ba."

Idon Madam yana saman takardar cikin fayil, inda Mahfuz da kansa ya sa a riƙa buga rana da lokaci don a san ya iya. Ta ɗago kai a hankali.

"Malam Sajo, yaushe aka yi alluran?"

"Juma'a, bayan an gama tatsa."

"Takardan da ka kawo, Alhamis aka buga shi, ƙarfe goma na safe. Wannan mai daidai ɗin kuma," ta ɗora yatsa a kai, "Alhamis ɗin ne, ƙarfe huɗu da rabi na yamma."

Baffa Sajo bai san lissafin boko ba, amma ya san Alhamis tana gaban Juma'a. Ya juyo ya dubi Mahfuz. Ba fushi a idonsa, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Alhamis da la'asar ka sani?"

Mahfuz ya kasa ɗaga kai.

"Ina tambayarka, ɗana. Da la'asar ka sani, suna nan da ransu, suna tsalle a bayan iyayensu?"

"Baffa, na so in zo..."

"Babur ɗinka ya lalace ne?"

"A'a."

"Ruwa ya cinye hanya?"

"A'a, Baffa."

"Ka kwana, ka tashi, ka yi salla. Ka zo ranar Asabar ka tsaya a bakin ramin da na binne su, ka dubi idona, ka ce Likita ne." Tsohon ya dafa sandarsa ya ci gaba. "Da ka zo ka ce mini, Baffa, na yi kuskure, wallahi ko duka goma sha taran suka mutu, da na ce Allah ya mayar da alheri. Wa ya fi ƙarfin kuskure? Amma ka auna kunyarka da dukiyata, ka ga kunyarka ta fi nauyi. Sannan ka sa na kori mutumin da ya gaya mini gaskiya daga ƙofar gidana."

Ya juya wajen Sylvester, ya cire malafarsa, ya rage tsawo, dattijo mai furfura a gaban mutane.

"Likita, ka yafe mini. Ka faɗa mini, na ƙi ji."

Sylvester ya yi wuf ya kama shi ya ɗaga.

"Haba Malam Sajo, tashi, don Allah tashi. Ni ma da laifina. Hannuna ne ya yi alluran, zuciyana yana cewa kada na yi."

Madam Scholastica ta yage farar takardar da ta fara rubutawa, ta jawo wata. Ta ce ita ma ba ta wanke kanta ba, tun da ita ta yarda aka daina sake dubawa, kuma daga ranar ba takardar da za ta fita ofishin sai mutum biyu sun bi ta da biro. Sabuwar takardar sallamar da ta rubuta kuwa sunan Mahfuz ke kanta.

Baffa Sajo ya mayar da malafarsa, ya ɗauki sandarsa, ya nufi ƙofa. Gwangwanin yana nan buɗe a kan tebur.

"Baffa," in ji Mahfuz da wata ƙaramar murya, "ka manta kayanka."

Tsohon ya tsaya, amma bai waigo ba.

"Ban manta ba. Naka ne, Mahfuz. Shekara ashirin ina ajiye takardunka, ban san abin da ke cikinsu ba, na dai yarda da wanda ya rubuta. Yanzu ba ni da wurin ajiye su."

Tunda Mahfuz ya yi wayo, bai taɓa jin Baffa ya kira shi da sunansa tsirara ba, kullum "ɗana" ne. Ya bi shi da ido har ya fita, ya tsallaka layin dogo ya nufi tashar mota, bai ko juyo ba.

Bayan damina Baffa Sajo ya tashi da ragowar shanunsa ya koma wajen Nok, kusa da dangin Inna Mairama. Mahfuz ya yi ta neman aiki a Kafanchan bai samu ba, don labari ya riga shi shiga kowane ofis. Sau biyu yana zuwa sabuwar rugar. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo masa fura, aka tambaye shi gajiya da mutanen gari, irin karɓar da ake yi wa kowane baƙon da hanya ta biyo da shi. Baffa Sajo bai zage shi ba, bai kore shi ba, bai kuma sake tambayarsa ko mece ce kwamfuta ba.

To, mai karatu, ga abin da ya kamata mu riƙe daga wannan labari. Na'ura baiwa ce, abin da ka umarce ta shi take yi, in ka ce ta tsaya za ta tsaya ko da duniya za ta tashi, saboda haka kada ka miƙa mata idonka da hankalinka, kuma kada ka raina wanda ya ce maka ka sake dubawa. Amma mantuwar danna maɓalli ba ita ta kashe maruƙan Baffa Sajo ba. Kuskure na kowa ne, kuma tsakanin la'asar da hantsi Allah ya ba Mahfuz isasshen lokacin gyara nasa. Girman kai ne ya zare makullin babur, shi ya mai da kuskure ya zama cin amana, ya kuma jawo ƙarya don ta rufe shi. In ka gano ka yi kure a kan abin da aka ba ka amana, tashi a lokacin ka faɗa, ko za a yi maka dariya. Kunyar rana ɗaya tana wucewa, dukiya ma Allah yana mayarwa, amma yardar wanda ya amince maka ido rufe, in ta tafi, ba maɓallin da za ka danna ta dawo.